Dan Allah wa ya san tarihin 'yan Kweka na Germantown da takardarsu ta 1688?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Ina da tambaya ga masu ilimin tarihi, musamman mazauna nan Amurka. Mu muna Filadelfiya ne, unguwar Germantown, yau shekara shida kenan, kuma kullum in zan tafi aiki bas mai lamba 23 nake hawa wadda ke bin Germantown Avenue. To akwai wani allon ƙarfe shuɗi mai rubutu ruwan ɗorawa a bakin titi kusa da mahaɗar Wister, na wuce shi ba adadi ban taɓa tsayawa na karanta ba, sai yanzu da aka ba 'yata aikin makaranta cewa kowane yaro ya rubuto tarihin wani abu da ya faru a unguwarsu, ranar Asabar muka taka da ƙafa ni da ita muka tsaya muka karanta, ashe wai a wurin ne wasu mutane da ake kira 'yan Kweka suka rubuta takardar ƙin jinin bauta tun 1688. Wallahi abin ya taɓa ni, don yanzu yawancin mazauna unguwar baƙaƙen fata ne, kuma ga shi a nan ƙofar gida aka fara irin wannan magana.

Da muka dawo muka shiga intanet sai kanmu ya ƙara kullewa. Wani shafi ya ce a watan Fabrairu aka rubuta, wani ya ce Afrilu, yarinya ta ce Mama wanne zan sa, na rasa amsar da zan ba ta. Sannan su kansu mutanen ban gane musu ba, coci ne ko ƙungiya? Akwai wani gininsu a layin Coulter, ba gicciye ba hasumiya ba ƙararrawa, in ba a faɗa maka ba sai ka ɗauka tsohuwar makaranta ce. Kuma ita takardar tana nan har yanzu ko labarinta kawai ya rage? In tana nan a ina take, kuma irina da ba 'yar jami'a ba za a bar ni in kai yarinya ta ga irin waɗannan tsofaffin takardu? Sati biyu ya rage ta miƙa aikin. Na gode, Allah ya bar zumunci.

Dan Kurmi:

Wslm Maman Ilham. Ni direba ne a garin nan kuma na sha daukar mutanensu ranar Lahadi, kiristoci ne asalinsu amma gsky ibadarsu daban take, basu da fasto basu da wake-wake, shiga suke su zauna kan benci suyi tsit kamar awa daya, in wani yaji a ransa yana da abin fada sai ya mike ya fada ya zauna, daga karshe su gaisa da hannu a watse. Wata tsohuwa dana dauka ita ta bani wannan bayanin tun daga kofar gidanta har muka isa, tace su basa rantsuwa ko a kotu kuma basa zuwa yaki. Su kansu Abokai suke kiran kansu. Maganar takarda kuma sai malamai sun zo, bari in tabo Malam Na Bakin Kasuwa shine gwanin wannan fannin.

Malam Na Bakin Kasuwa:

Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi wa yarinya albarka. Ɗan Kurmi na ga kiranka. Abin da ka faɗa haka yake, sai dai in ƙara da cewa na yankin Filadelfiya suna cikin masu wannan ibadar shiru, amma ba duka ba ne, a wasu wuraren kamar Kenya inda suka fi yawa a duniya yanzu suna da fastoci da waƙoƙi, tun 1902 mishan ɗinsu ya sauka a Kaimosi.

Asalinsu Ingila ne, wajen 1650, wani George Fox ya fara wa'azin cewa mutum ba ya bukatar limamin coci tsakaninsa da Ubangiji. Sunan Kweka ma zambo ne, ma'anarsa masu makyarkyata, wani alƙali a garin Derby ya laƙaba musu a 1650 bayan Fox ya ce masa ya yi rawar jiki don tsoron Allah. An ɗaure su da yawa an ƙwace dukiyarsu, har William Penn wanda shi ma ɗan cikinsu ne ya samu wannan ƙasa ta Pensilbaniya daga hannun sarkin Ingila a 1681. Germantown kuma a 1683 aka kafa ta, iyalai 13 ne suka zo daga garin Krefeld na Jamus a jirgin ruwa mai suna Concord, yawancinsu masaƙa, jagoransu wani lauya mai ilimi sosai Francis Daniel Pastorius.

To shekara biyar da zuwansu suka ga abin da ya tsaya musu a rai, wato 'yan uwansu Kweka Ingilishi masu kuɗi na cikin gari suna sayen bayi daga Afirka, shi kansa Penn yana da bayi a gidan gonarsa. Mutum huɗu suka sa hannu, Pastorius da Garret Hendericks da wasu 'yan uwan juna biyu, Derick da Abraham op den Graeff, a gidan Thones Kunders inda suke taron ibada a lokacin tunda ba su riga sun gina ɗakin taro na kirki ba, wurin allon nan da kuka tsaya kenan. Da Ingilishi suka rubuta duk da ba harshensu ba ne, don shugabannin su karanta. Hujjarsu mai sauƙi ce, abin da ba ka so a yi maka kada ka yi wa wani ko wane launi ne shi. Suka kawo misalin yadda su Turawa kan tsorata a teku in sun hango baƙon jirgi kada ya zama na Turkawa a kama su a sayar, suka ce to me ya raba wannan da abin da kuke yi. Suka yi maganar raba mata da mazajensu da sayar da 'ya'ya, har suka tambaya in bayin nan suka haɗa kai suka tashi neman 'yancinsu, ku da kuka ce ba kwa yaƙi za ku ɗauki takobi a kansu?

Yanzu abin da ya sa takardar ta rayu, sai kin gane tsarinsu. Kowace ƙaramar jama'a tana ƙarƙashin taron wata-wata, shi kuma yana ƙarƙashin taron wata uku-uku, sama da su duka taron shekara. Takardar ta fara zuwa taron wata na Dublin ta nan kusa da Filadelfiya, ba ta Ailan ba, wanda daga baya ya zama na Abington, suka duba suka ce maganar ta yi nauyi ba su ga dacewar su taɓa ta a nan ba, suka tura Filadelfiya. Na Filadelfiya suka ce ta fi ƙarfinsu su ma, suka tura taron shekara a Burlington, can kuma aka ce abin ya shafi wurare da yawa don haka ba za a yanke hukunci yanzu ba. Shi kenan aka ninke aka ajiye. Amma abin da nake so yarinya ta lura da shi, magatakardan Dublin da na Filadelfiya a jikin ita takardar suka rubuta amsarsu daga ƙasa, da kwanan wata da sa hannu. Wato falle ɗaya ne, gaba da baya, yana ɗauke da ƙorafin kuma yana ɗauke da shaidar yadda manya suka yi ta turawa juna. Ba su yaga ba, ba su ƙona ba, alhali ba abin alfahari ba ne a gare su.

Ta kwanta cikin tarin takardu shekara 156 sai a 1844 wani Nathan Kite ya tono ta aka buga a mujallarsu, lokacin rikicin bauta ya yi zafi a Amurka. Daga baya ta sake shigewa cikin kaya aka rasa inda aka sa ta, sai a watan Maris 2005 aka gan ta a ɗakin ajiya na gidan taronsu da ke Arch Street, gefenta ya yayyage, an lilliƙa mata takardar manni a wuraren ninki, tawadar tana kodewa. Aka kai wa masu gyaran tsofaffin takardu a nan cikin gari suka yi mata aiki, yanzu tana kwalejin Haverford a sashen ajiyar kayan Kweka, kuma hotonta gaba da baya yana intanet.

Maganar wata kuwa, Afrilu ne, ta sa Afrilu kanta tsaye. Su ba sa kiran sunayen watanni da ranaku don sun ce yawancinsu sunayen gumakan Rumawa da na tsofaffin Turawa ne, lamba suke sawa, wata na ɗaya, wata na biyu, rana ta ɗaya. Kamar dai yadda Lahadi da Litinin da Talata namu suke ɗaya biyu uku a Larabci. A jikin takardar an rubuta 18 ga wata na 2, 1688, wanda bai sani ba sai ya ce Fabrairu. Amma kafin 1752 shekarar Ingila da ƙasashen da take mulka a Maris take farawa, don haka Maris ne na ɗaya, Afrilu na biyu. Da wannan lissafin taron Filadelfiya na wata na 4 a Yuni aka yi shi, na Burlington na wata na 7 kuma a Satumba.

Maman Ilham:

Kai Malam Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Na karanta wa Ilham tun daga farko har ƙarshe ina fassara mata inda Hausarta ta gaza, wurin Lahadi Litinin ɗin nan ya burge ta ƙwarai don a Islamiyya sun yi ƙirgan Larabci, nan take ta gane. Amma wani abu ya tsaya min, me ya sa suke rubuce-rubuce haka tun wancan zamani? Masaƙa ne fa ka ce yawancinsu. Mu a gida kakana alƙali ne kuma yana da takardu cike da adaka, wasiƙu da ajami da lissafin gado, bayan rasuwarsa aka bar su a wani ɗaki da ke yoyo, da muka je buɗewa gara ta gama da su sai ƙura da 'yan guntaye, mahaifiyata har kuka ta yi ranar. Shi ya sa in na ji takarda falle ɗaya ta haura shekara 330 sai jikina ya yi sanyi.

Yar Zinder:

Anti Maman Ilham ina wuni, Allah ya jiƙan kaka. Ni ɗaliba ce a nan kuma na yi wata guda ina zuwa karanta littattafan tarukansu saboda wani bincike, bari in faɗi abin da na gani da idona.

Dalilin rubutun na farko dole ce ta sa. A Ingila ta wancan lokaci cocin gwamnati ne ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa, su kuma sun fita daga cocin, ba sa kai jariri a yi masa baftisma, ba sa yarda limamin coci ya ɗaura musu aure, to in ba su rubuta da kansu ba sai a ce aurensu ba aure ba ne 'ya'yansu kuma ba su da gado. Shi ya sa tun zamanin Fox aka umarci kowane taro ya buɗe littafi, har da littafin wahalhalu inda suke rubuta wanda aka ɗaure da abin da aka ƙwace masa, saniya ce ko tukunya. Da suka ƙetaro Amurka suka zo da al'adar. Dalili na biyu shi ne yadda suke yanke shawara, ba sa ƙuri'a, ana ta magana ne har magatakarda ya ji an haɗu a kan abu ɗaya sai ya rubuta a nan take ya karanta da ƙarfi kowa ya ji, in an yarda ya zauna in ba a yarda ba ya gyara, don haka rubutun shi ne hukuncin, ba wai bayan an tashi wani ya je gida ya tuno ba.

Littafin farko da aka kawo min an ɗora shi ne kan wani matashi na soso don kada bayansa ya karye, ba a shiga da biro sai fensir, jaka kuma a loka ake barinta. Takardar mai kauri ce don da tsumma aka yi ta ba da itace ba, shi ya sa ta fi jaridar bara ƙwari, tawadar ta koma ruwan ƙasa kuma a wasu wuraren ta ci takardar har ta fito ta baya. Ma'aikaciyar ta ce min da ƙullutun itacen oak da ƙarfe da ƙaro ake haɗa ta, na ce ai kusan irin tawadar bagaruwa ce da malamanmu ke rubuta littattafai da ita. Kwana biyun farko da ƙyar nake karanta layi goma, harafin s ɗinsu dogo ne kamar f, kalmomi a gajarce, kowane magatakarda da irin hannunsa, wani kamar an buga da inji wani kuma kamar tafiyar kaza, amma in ido ya saba sai ki ji kamar kina zaune a cikin ɗakin tare da su.

Abin da ya fi kama ni littafin mata. Taron harkokin mata daban yake da na maza kuma da magatakardarsu mace, tun ƙarni na 17. Su ke binciken aure, saurayi da budurwa sai sun zo gaban taro sau biyu a wata biyu sun bayyana niyyarsu, a naɗa mata biyu su binciki yarinyar maza biyu su binciki yaron, ko akwai alkawarin wani a kansu, ko iyaye sun yarda, in bazawara ce a tabbatar an ware wa marayunta haƙƙinsu kafin a ba da izini. Su ne kuma ke kula da gajiyayyu, za ki ga an rubuta a kai wa wance itacen wuta ko a biya wa ɗan wane kuɗin koyon sana'a. Takardar auren kanta babba ce, ango da amarya su sa hannu sannan duk wanda ya halarta ya sa nasa, dangi na kusa a layin dama ƙarƙashin na ma'auratan, shi ya sa masu neman asalinsu ke rububinta. Akwai kuma takardar ƙaura, in mutum zai koma wani gari sai taronsu ya ba shi shaidar cewa ba bashi a kansa kuma ba alkawarin aure, ya kai wa taron can, da ita ake bin sawun iyali daga gari zuwa gari.

Sai kuma korar mutane, wannan kam ya cika littattafan. Auren wanda ba ɗan ciki ba shi ya fi yawa, sai shaye-shaye, cin bashi a ƙi biya, da ɗaukar bindiga lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka. Betsy Ross da ake koya wa yara a makaranta kan maganar ɗinka tutar Amurka, ita ma cire ta aka yi saboda ta auri wanda ba Kweka ba a 1773, Ilham za ta san ta.

Game da zuwa, Anti ba sai kina jami'a ba, kowa na iya zuwa, ki dai tura musu imel tukuna ki faɗi abin da kike nema da ranar da za ku zo. Wuri biyu ne, kwalejin Haverford da ta Swarthmore, duka jirgin ƙasa na zuwa daga tsakiyar gari. Dalilin da ya sa biyu ne, a 1827 sun rabu gida biyu kan aƙida, kowane ɓangare ya ce shi ne na asali ya riƙe littattafan da ke hannunsa ya ci gaba da nasa, ɓangare ɗaya ya kafa Haverford ɗayan ya kafa Swarthmore, sai 1955 suka sake haɗewa. Shi ya sa a Germantown ɗinku ma gidan taro biyu ne, na layin Coulter da kika gani da kuma na School House Lane. Yawancin tsofaffin littattafan an ɗauki hotonsu, wasu suna shafin intanet na masu neman asali mai suna Ancestry, to sau da yawa hoton za a fara nuna muku don a rage taɓa na asalin.

Abu Hanifa Bronx:

Salam. Na karanta duka kuma na ƙaru, amma Malam da ƙanwata Yar Zinder ku yi haƙuri, kada yarinya ta tafi da tunanin cewa mutanen nan tun farko tsarkaka ne a kan bauta. Daga 1688 zuwa 1776 da suka ce duk mai riƙe da bawa za a cire shi, shekara 88 ne, mutum nawa aka haifa cikin bauta suka tsufa suka mutu a gidajen 'yan Kweka a tsakanin nan? Kuma shi wannan taro na Abington da ya ce magana ta yi masa nauyi, shi ne dai ya kori Benjamin Lay a 1738. Mutumin nan gajere ne ƙwarai mai ƙusumbi, ya zauna a Barbados ya ga yadda ake azabtar da bayi a gonakin rake, ya dawo ya ƙi cin sukari ya ƙi sa duk kayan da bawa ya yi wa wahala, yana zaune a kogo kusa da Abington yana saƙa tufafinsa da kansa. A taron shekara na 1738 a Burlington ya shigo da littafi da ya rarake cikinsa ya ɓoye mafitsarar dabba cike da jan ruwan 'ya'yan itace, ya zare takobi ya soke shi, jan ruwan ya fantsama kan masu bayin da ke zaune, aka ɗauke shi cak aka fitar waje. Benjamin Franklin ne ya buga masa littafinsa. Ya mutu a 1759 aka binne shi a maƙabartar Abington ba ko alama, sai a 2017 taron ya rubuta a littafinsa cewa Lay ne ke kan gaskiya, a 2018 aka sa dutse.

Kuma ko bayan sun 'yanta bayin ba su buɗe ƙofa ba, sai 1796 aka yarda a karɓi mutum ba tare da duba launinsa ba, duk da haka a gidan taron Arch Street benci daban ake nuna wa baƙaƙe a baya, wata malama Sarah Mapps Douglass ta rubuta yadda abin ke ƙona mata rai ita da mahaifiyarta. Ba ina faɗa don in ce mu mun fi su ba ne, mu a Arewa sai 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya kuma har yau akwai gidajen da ake tono asalin mutum in ya zo neman aure. Amma a faɗa wa yarinya duka.

Malam Na Bakin Kasuwa:

Abu Hanifa ba ka faɗi ƙarya ba ko ɗaya, kuma na ji daɗi da ka kawo Lay. Sai dai ka duba daga ina muka san yawancin wannan, daga littattafansu ne, su suka rubuta ranar da suka kore shi da dalilin da suka bayar, su suka rubuta 1758 lokacin da suka fara hukunta masu saye da sayar da bayi irin su John Woolman suna bi gida-gida suna yi wa masu bayi nasiha, su kuma suka ajiye takardun 'yantarwa ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan takardun 'yantarwa su ne suka fi min komai daraja, domin a ciki ne ake samun sunan bawan da shekarunsa da ranar da aka sake shi, galibi suna ɗaya tak ba na uba, kuma ga baƙaƙen Amurka masu neman kakanninsu wani lokaci wannan layi ɗaya shi ne kaɗai abin da ya rage. Haverford sun ɗora da yawa daga cikinsu a intanet. In da ni ne Ilham zan ɗauki takardar 1688 da takardar 'yantarwa guda ɗaya in ajiye su gefe da gefe in ƙirga shekarun da ke tsakani.

Hajiya tunda a unguwar kuke, ku hau 23 ɗin ku ƙara gaba zuwa Johnson House, gidan wasu iyalin Kweka ne da aka gina a 1768, jikokinsu sun riƙa ɓoye bayin da suka gudo daga kudu kafin yaƙin basasar Amurka, yanzu gidan tarihi ne ana zagayawa da mutane. Akwai kuma tsohon ɗakin ibadar 'yan Mennonite, wata ɗariƙar Kiristoci, na 1770 a kan titin, a can ake ajiye da teburin da ake cewa a kansa aka rubuta takardar. Wani malami ɗan Kweka, Anthony Benezet, ma ya koyar a Germantown kafin ya koma cikin gari, shi ne ya riƙa koyar da yaran baƙaƙe da dare a gidansa har aka buɗe musu makaranta a 1770.

Maman Ilham:

Na gode ƙwarai dukkanku, Malam, Abu Hanifa, Ɗan Kurmi da ka taɓo mana shi, da ƙanwata Yar Zinder. Jiya da daddare mun buɗe hoton takardar a kwamfuta muka ƙara girmansa, Ilham da kanta ta gano sunayen mutum huɗun sannan ta gano inda hannun rubutun ya canza a ƙasa, ta ce Mama ga inda suka ce ya yi musu nauyi, ta kwafe layin a littafinta harafi bayan harafi. Ta ce labarin Benjamin Lay ma sai ya shiga. Na tura imel ɗin yau da safe na nemi ranar Juma'a ta sama tunda ba makaranta, Asabar kuma in Allah ya kai mu za mu je Johnson House. Na kuma kira ƙanina a gida na ce ya je wurin gwaggonmu, akwai ragowar wasiƙun kaka guda bakwai da ta tsince a lokacin ta sa a cikin gafaka, ya ɗauki hoton kowace gaba da baya da rana a inuwa ya turo min. Yar Zinder dan Allah ki duba saƙonki, ina so ki faɗa min wace tasha za mu sauka da kuma ko ana barin yarinya 'yar shekara 12 ta shiga ɗakin karatun tare da ni.